Kalmomi huɗu da suka ci adashin Yayana a Nagoya

Wata bakwai da zuwana Nagoya ta ƙasar Japan karatu, Yaya ya kira ni daga shagonsa na Fagge ya ce ya ɗebi adashi. Ya fi shekara yana zubi. Ya ce, "Auta, kekunan ɗinkin nan na Japan da ake yabo, irin na masana'anta, in ka samu na hannu masu lafiya guda uku ka saya mana. Yara sun yi yawa a shago, keke ya yi kaɗan, ga azumi yana matsowa." Na ce masa ya sa ransa a inuwa. Har na ƙara da cewa yanzu da kaina nake karanta tallan Japanawa, ba sai na nemi tafinta ba. Wannan ƙarin da na yi shi ne yake ci mini rai har yau, fiye da kuɗin ma.

Ba ƙarya na yi masa ba, iya sanina na lokacin ke nan. Rubutun Japanawa iri uku ne a cakuɗe, kuma da ɗaya daga ciki, katakana, suke rubuta kalmomin da suka aro daga waje. Haruffansa na asali 46 ne, cikin mako biyu na haddace su. Ranar da na fara haɗa baƙi a kan titi sai na ji kamar an buɗe mini taga a ɗaki mai duhu. Teeburu, ai tebur ne. Taoru, tawul. Baketsu, bokiti. Bureeki, birki. Na lura ma cewa Bahaushe ya fi Bature saurin kama waɗannan kalmomi, don bakinmu da nasu halinsu ɗaya a nan: ba ma fara kalma da baƙaƙe biyu a jere sai mun cusa wasali a tsakani. Yadda muka mai da "bread" burodi, haka suka mai da "strike" sutoraiku. Sannan suna bambanta wasali dogo da gajere kamar mu. Akwai wani ɗan Amurka a ajinmu na koyon harshe da ya yi ta fama da biru da biiru, na farko dogon bene, na biyu giya. Ni kuwa wanda ya tashi yana raba gari na zama da gari na tuwo, ban ga abin wahala a ciki ba.

Daga nan na koyi mugun hali. In na ga rubutu, sai idona ya tsallake kanji, haruffan nan masu yawan zane da suka samo daga Sin, ya dira kan katakana. In tsinci 'yan kalmomin da na gane, in cike sauran da hasashe. Wata da watanni hakan yana yi mini aiki a tashar jirgin ƙasa da kantin unguwa, shi ya sa ban taɓa zargin dabarar ba.

Wani daren Lahadi na ci karo da tallan a wani shafin gwanjo na intanet. Mishin guda uku, wato kekunan ɗinki, na masana'anta, da teburansu da motocinsu, a matsayin setto, wato saiti guda. Hotuna tas, fenti bai ko goge ba. Saura ƙasa da awa ɗaya a rufe gwanjon. A ƙasan bayanin akwai layi ɗaya da na karanta ba tare da ko tuntuɓe ba: ノークレーム・ノーリターン. Noo kureemu, noo ritaan. Nan take na mai da su Turanci a kaina, "no claim, no return", na kuma fassara wa kaina cewa ba wanda ya taɓa kawo ƙara a kan kayan mutumin nan, ba wanda ya taɓa dawo masa da kaya. Na ɗauka yabon kansa yake yi, kamar ɗan kasuwar Kwari da zai ce maka shekara ashirin yana nan ba a taɓa dawo masa da yadi ba. Don in ƙara tabbatarwa na sa layin a manhajar fassara ta waya. Ta dawo mini da kalmomin Turancin nan huɗu daidai yadda na karanta su. Sai na ji hankalina ya kwanta.

A cikin hotunan akwai ɗaya da aka rataya wa keke ɗan kati, an rubuta kanji biyar da hannu. Na gan shi. Ban tsaya ba. Na taya, na ci gwanjon, na biya yen 150,000 har da kuɗin motar da za ta kawo, abin da ya haura alawus ɗina na wata guda.

Ɗakina ba zai ɗauki ko keke ɗaya ba, don haka na sa aka kai su yadin wani ɗan Pakistan da muke sallar Juma'a tare, mai loda kayan mota a kwantena a wajen Yatomi, kusa da tashar jiragen ruwa. Ranar Asabar na je da murnata. Na farko, na kama ƙafar juyawa ta gefe da hannu biyu, ko motsi. Ta cije. Na biyu yana juyawa, amma da na leƙa ƙasa sai na ga gidan kwarkwaro babu shi gaba ɗaya, an cire. Na uku kansa lafiya, sai dai motarsa ta wutar masana'anta ce mai layi uku, bolt 200, wadda ba za ta shiga soket ɗin gida ba ko a Japan, balle a Fagge. Mai yadin ya ɗaga katin nan da ke rataye, ya karanta, ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, ai ga shi an rubuta." Doosa mikakunin. Ba a gwada ko yana aiki ba.

Duk da haka ban gane girman abin ba. A raina na ce ai mutumin da yake alfahari ba a taɓa kai ƙararsa ba, ba zai so a fara a kaina ba. Na zauna da ƙamus na rubuta masa saƙo cikin ladabi, na lissafa abin da na gani, na roƙi ya karɓi kayansa ko ya rage kuɗi. Washegari amsa ta zo, ita ma cike da ladabi, gajeriya. A tsakiyarta na sake ganin kalmar nan, kureemu, amma wannan karon saƙona ake nufi da ita. Wasiƙar da na rubuta ita ce kureemu. Kuma kamar yadda aka bayyana a talla, in ji shi, ba ya karɓa.

Ina tsaye a layin jirgin ƙasa na karanta. Sai da jirage biyu suka wuce ban shiga ba.

Da safe na kai wa wani ɗalibi da ke gaba da ni a ɗakin bincikenmu, wanda muke kira senpai. Ya duba tallan sau ɗaya ya ce ai a fili yake: mai saye ba shi da bakin ƙorafi, ba shi da ikon mayarwa. Sharaɗi ne da ake gindaya wa mai saye, kusan duk mai sayar da tsohon kaya a intanet yana sa shi. Na ce masa a Turanci "claim" ba ƙorafi ba ne kai tsaye, iƙirari ne ko neman haƙƙi. Mamaki ya kama shi da gaske. Ya ce, "To ai Turanci ne." Shi ya rantse Turanci yake yi, ni na rantse Turanci nake karantawa, alhali a cikinmu babu mai riƙe da Turanci. Kalmar ta shigo musu ne ta bakin 'yan kasuwa, da ma'anar neman diyya in kaya sun zo ba yadda aka yi alkawari ba, daga nan ta bazu ta zama kowane irin ƙorafi na mai saye. Har sun ƙera mata ɗa: kureemaa, mutumin da ya mai da ƙorafi sana'a. Da na ji wannan sai na ƙara jin kunya, don na san a idon mai kayan abin da na zama ke nan.

Na je ofishin da ke kula da ɗalibai baƙi da sauran ɗan fata. Na ji ana maganar kuuringu ofu, damar fasa ciniki cikin 'yan kwanaki, ita ma kalmar aro. Matar da ke wurin ta bayyana mini cewa wannan dama ta masu bi gida-gida da masu talla ta waya ce da makamantansu, ba ta shafi abin da ka zaɓa da kanka ka saya a intanet ba. Ta ce a dokarsu, da a ce mai kayan ya san aibi ya ɓoye, sharaɗin noo kureemu ba zai kare shi ba. Amma wannan mutumin ya rataya kati ya ce bai gwada ba, kuma a cikin kanjin da na tsallake ya rubuta cewa yadda kayan suke haka za a miƙa su. Bai ɓoye mini komai ba. Ni ne na karanta rabi.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne, ni Bahaushe ne, bai kamata wannan tarkon ya kama ni ba. Kalmar da ke saman tallan ma ta isa ta yi mini gargaɗi. Mishin ɗin nan guntun "sewing machine" ne, kunnen Japanawan zamanin Sarki Meiji (1868 zuwa 1912) ya kama wutsiyar ya saki kan, kuma a Japan ba ta nufin komai sai keken ɗinki. Mu kuma wannan kalma ɗaya muka ɗauka muka ce mashin, muka ba babur. In Bature ya ji an ce taya ta yi faci zai zaci an gyara ta, don "patch" liƙi ne, alhali mu hujewa muke nufi. Kula a wurinmu abinci mai zafi take riƙewa, kuuraa a wurinsu na'urar sanyaya ɗaki ce, uwarsu ɗaya, "cooler". Kanti, daga "canteen", ba wurin cin abincin soja ba ne a Kano, kowa ya sani. Tun ina yaro nake furta irin waɗannan kalmomi, ban taɓa ɗaukarsu Turanci ba, Hausa ce. Amma na je ƙasar wasu na ɗauka nasu aron yana nan yadda aka ba su, ba su taɓa shi ba.

Kwana huɗu ina ɗaukar waya ina ajiyewa kafin na iya kiran Yaya. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya yi shiru, ina jin ƙarar kekuna a bayansa. Sai ya ce, "Auta, kai lafiyarka ƙalau?" Na ce ƙalau. Ya ce, "To Allah ya mayar da alheri. Kada ka gaya wa Hajiya, hankalinta zai tashi." Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na san yadda ake tara kuɗin nan, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, na san kuma azumi shi ne kakar tela, wanda ya rasa ta ya rasa rabin shekara.

A ranar na sayi ɗan littafi, duk kalmar katakana da na gani sai na rubuta ta, in nemi ma'anarta a ƙamus na Japananci kamar ban taɓa jin mai kama da ita ba. Cikin wata ɗaya na gane cewa na daɗe ina tafiya a kan ƙaya, sa'a ce kawai ba ta soke ni ba sai a kan kuɗin Yaya.

Da farko ma, ba duk katakana ce Turanci ba. Aikin wucin gadi da ɗalibai ke yi, arubaito, daga Jamusanci yake. Haka karute, katin da likita ke rubuta bayanin mara lafiya, da gipusu, filastar ɗori, saboda bayan 1868, a zamanin Meiji, a wurin Jamusawa Japan ta koyi likitancin zamani. Pan, burodi, ya girmi Turanci a ƙasar da ɗaruruwan shekaru, Turawan Fotugal ne suka zo da shi bayan sun fara sauka tsibirin Tanegashima a 1543, tare da tabako. Daga 1641, 'yan Holan ne kaɗai Turawan da aka bari suna ciniki, a ɗan tsibirin Dejima na Nagasaki, su suka bar koohii da biiru da garasu. Shi ya sa gilashin taga garasu ne, na Holan, amma kofin gilashi gurasu ne, na Ingilishi, abu kusan ɗaya ya shigo sau biyu ta ƙofa biyu. Ankeeto, takardar jin ra'ayi, Faransanci ce. Ikura, ƙwan kifi, daga Rasha. Turanci ya fara shigowa da ƙarfi bayan jiragen ruwan yaƙin Amurka ƙarƙashin kwamanda Perry sun tsaya a 1853, ya kuma yi ambaliya bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin mamayar Amurka daga 1945 zuwa 1952. To ni da nake mai da kowace katakana Turanci a kaina, wani lokacin harshen da nake mayarwa gare shi ma ba shi ne mai kayan ba.

Waɗanda suka shigo ta kunne tun da wuri su ne suka fi ba ni sha'awa, don sun yi kama da namu na zamanin Turawa, irin su asibiti da likita da samanja da kananzir, da aka ji a bakin Bature aka maimaita ba a ga rubutunsu ba. Waishatsu daga "white shirt" take, amma yau shat ce ta zuwa ofis ko wace kala, shuɗiya ma waishatsu ce. Ramune, lemon kwalba mai ɗan dutsen gilashi a wuya, "lemonade" ce. Hochikisu, abin maƙale takardu, sunan kamfanin Amurka ne da aka fara shigo da nasa a farkon ƙarni na 20, kamar yadda muke kiran kowane garin wanki Omo. Waɗannan ba su da haɗari sosai, don ba ka gane su ba, dole ka tambaya.

Masu haɗarin su ne waɗanda ka gane sarai. Su ne 'yan'uwan kureemu. Manshon ba katafaren gidan attajiri ba ne, ɗaki ne ko sashe a benen kankare, yana iya zama ciki ɗaya. Konsento ba yarda ba ce, soket ne na bango. Sutoobu ba murhun girki ba ne, abin ɗumama ɗaki ne. Kanningu satar amsa ce a jarrabawa, ɗalibi ya kiyaye wannan. Risutora, da ka ji za ka ce gyaran tsarin kamfani, a bakin ma'aikaci korar aiki ce. Baikingu, wato "Viking", cin abinci ne na ɗebi da kanka, sunan ya samo asali daga wani ɗakin cin abinci da otal ɗin Imperial na Tokyo ya buɗe a 1958. Handoru sitiyarin mota ne. Wasu ma a Japan aka haɗa su daga ɓaraguzan Turanci, Bature bai taɓa jin su ba, suna kiran irinsu wasei-eigo, Turanci ƙirar gida. Noo kureemu noo ritaan da ma'anar da suke ba shi yana cikin wannan dangi. Kuma a nan ne manhajar fassara take cin amanarka: in ta ga katakana sau da yawa sai ta mai da ita kalmar Turancin da ta fito daga gare ta, ta miƙo maka kuskurenka da hannu biyu, kai kuma ka ɗauka shaida ce ta biyu. Abin da ya faru da ni ke nan a daren Lahadin nan.

Su kansu Japanawa ba duka ne suke jin daɗin wannan ambaliya ba. A 2013 wani dattijo ɗan shekara 71 daga lardin Gifu, maƙwabcinmu, ya kai NHK, tashar rediyo da talabijin ta ƙasar, ƙara a kotun Nagoya yana neman diyyar yen miliyan 1.41, ya ce yawan kalmomin aro irin su risuku da toraburu da kea ("risk", "trouble", "care") a shirye-shiryenta suna ƙuntata masa. Kotu ba ta ba shi gaskiya ba. Kafin nan ma, tsakanin 2003 da 2006, cibiyar nazarin harshen ƙasar ta fitar da jerin kalmomin aro masu wuyar fahimta tare da shawarar kalmomin gida da za su maye gurbinsu. Da na karanta labarin dattijon nan ban yi masa dariya ba. Shi katakana ta rufe masa ƙofa a cikin harshensa, ni kuma ta nuna mini ƙofar da ba ta nan.

Akwai wurin da nake roƙon duk Musulmin da zai zo ƙasar nan ya nutsu, wato abinci da abin sha. A nan katakana takan taimaka ƙwarai: pooku ekisu ruwan naman alade ne, raado kitsensa, zerachin kuma sai ka bincika daga me aka yi shi. Amma wanda ya dogara da ita kaɗai zai faɗa ramin da na faɗa, don sau da yawa alade da kanji ake rubuta shi, 豚, harafi ɗaya tak, kuma dole ka haddace shi kafin ka haddace sunan unguwarku. A firjin kanti za ka ga gwangwani da hoton lemo ko inabi, an rubuta sawaa ko chuuhai, ka ɗauka lemon zaƙi ne. Barasa ce. Ka nemi ɗan da'irar da aka rubuta お酒 a ciki. Saidaa kuma, wadda mai Turanci zai guje wa don ya san "cider" da barasa, lemon gas ne kawai ba komai a ciki. Non-arukooru ma kada ka tsaya a sunan, don a dokarsu abin da bai kai kashi 1 cikin ɗari ba ba a lissafa shi barasa, ka duba ka ga 0.00 da idonka. Ita kalmar arukooru ta bakin 'yan Holan ta iso, kuma asalinta can baya Larabci ne, al-kuhl, kwallin da ake sa wa ido.

Kekunan kuwa, mai yadin ne ya haɗa ni da wani tsoho mai gyaran keken ɗinki a Ichinomiya, garin masaƙa da ke arewa da Nagoya. Ya zo da 'yar motarsa, ya yi kusan awa ɗaya yana dubawa bai ce uffan ba. Daga ƙarshe ya ce biyu za su tashi in aka sadaukar da ɗaya. Za a cire gidan kwarkwaro daga wanda ya cije a sa wa na biyu, a sauya motoci da waɗanda za su ɗauki wutar Najeriya. Na ce ya rubuta mini komai a takarda. Na kai wa senpai ya karanta mini layi-layi, kanji da katakana duka, ina tsayar da shi a kan kowace kalma ina cewa, me wannan take nufi a nan. Ya gaji da ni, ban damu ba. Kuɗin gyaran daga aljihuna ya fito. An yarda ɗalibi ya yi aikin awa 28 a mako, na cike su tas wata uku ina jera kwalaye a wani sito da dare.

Ranar da na je karɓa, tsohon ya kai ni wani ɗan shagon shayi kusa da shagonsa tun da safe. Muka ce a kawo koohii, sai ga shi an haɗo da gasasshen burodi da dafaffen ƙwai. Na ce ban ce a kawo wannan ba. Ya ce mooningu ne. A yankin Nagoya, in ka sayi kofi da safe, karin kumallon kyauta yake biyo shi, ana kuma cewa a Ichinomiya aka fara, lokacin da ƙarar masaƙa take korar masu ciniki zuwa shagunan shayi. Na ba shi labarin mashin ɗinmu mai taya biyu, ya ajiye kofi ya sa na maimaita sau biyu. Ya ce shekara hamsin yana gyaran mishin, bai taɓa tunanin akwai ƙasar da ake hawansa a je kasuwa ba.

Da muka koma shago, ya ɗora ƙyalle ya taka. Ɗinki ya fito a miƙe, sama da ƙasa, ba tsalle. Ya taka na biyu, haka. Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba. Sannan ya ɗauko wata leda, bel biyu sababbi da fakitin allurai da kwalbar mai, ya ɗora a kan tebur ya ce, "Kore wa saabisu." Jikina ya yi sanyi. Sabis a kunnena aiki ne da ake biya, kamar sabis ɗin mota, kuma kuɗin da ke jikina na gyaran ne cif. Wannan karon ban yi hasashe ba. Na ce masa, don Allah, saabisu ɗin nan me yake nufi, nawa ne? Ya girgiza hannu ya ce ba ko yen ɗaya. Ashe gyara ce, irin wadda mai awo ke ƙara maka a kan mudu. Na karɓa da hannu biyu.

Kekuna biyu suka shiga kwantena, suka isa Kano bayan babbar Salla. Kakar azumin ta wuce Yaya, kuma wannan ba abin da zan yi ya dawo da ita. Ya turo mini bidiyon yaransa biyu a kansu suna ta aiki, ya ce ɗinkinsu ya fi na duk kekunan shagon laushi. Na ce masa zan biya kuɗin na ukun. Ya ce, "Auta, kada in sake jin wannan maganar." Don haka duk wata nake tura wani abu ta hannun matarsa, da sunan kuɗin makarantar yara, ina rubutawa a bayan littafin nan na katakana. Saura wata huɗu in cike.